Muhawara: Babura da fitilu sun isa a ce ɗan majalisarmu ya sauke nauyin tsaro?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Kamar yadda kowa ya gani, ɗan majalisar dokokin jihar Kaduna mai wakiltar mazaɓarmu ya bai wa 'yan sintirin unguwa babura da tocila da takalma, ya kuma sa an kafa fitilu masu amfani da hasken rana a layin maƙabarta. Bayan sallar Juma'a wani daga cikin iyayenmu ya ce da wannan mutumin ya sauke nauyin da ke kansa game da tsaro, domin abin da ya rage na gwamna ne da na Abuja. Wasu ba su yarda ba, shi ya sa na kawo maganar nan, kuma ina roƙon a tsaya a kan aiki ba tare da an taɓa jam'iyya ba.

Alhaji, tsohon ma'aikacin masaƙa: Wa alaikumus salam. Ni ne na faɗi maganar, kuma ban janye ba. Ɗan sanda na gwamnatin tarayya ne, soja ma haka, kwamishinan 'yan sandan da ke zaune a Kaduna kuwa daga Abuja ake turo shi. Ranar 28 ga Maris, 2022, da aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja, wane ne a Lugard Hall, wato mazaunin majalisar dokokin jiha, yake da ikon tura ko da mota ɗaya? Abin da hannun ɗan majalisa ke iya kaiwa shi ne unguwa, kuma nan ya kai. Kafin a kafa fitilun nan, mace ba ta bin layin maƙabarta bayan isha'i sai da rakiya, saboda yaran da ke laɓewa a jikin katanga suna ƙwacen waya. Yanzu mai shayin bakin layin ya dawo da teburinsa, yana kaiwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Wanda ya yi maka wannan, godiya ce haƙƙinsa.

Barista: Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka doka ce tsantsa. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, sashe na 215 kuma ya bai wa kwamishina damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Inda na saɓa da kai shi ne cewa hannun ɗan majalisa bai wuce unguwa ba. Majalisar nan ce ta zartar da dokar da ta kafa rundunar sintiri ta jiha, wato KADVS, a 2016. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta jiha da aka ƙirƙiro a 2019 ba ta da hurumin kashe kwabo sai abin da 'yan majalisa 34 suka amince da shi a kasafin kuɗi. Sashe na 128 da na 129 sun ba su ikon bincike da kiran kowane jami'in jiha ya zo ya yi bayani. A 2023 Gwamna Uba Sani ya ɗauki mutum 7,000 aikin KADVS. Tambayar nawa aka turo mazaɓarmu, da ko alawus ɗinsu na fita a kan lokaci, da kayan aikin da aka ba su, duk tambayoyi ne da wakilinmu yake da ikon yi a zauren majalisa, ni da kai kuwa ba mu da shi. Babur kowane mai kuɗi zai iya saya mana, amma kujerar nan shi kaɗai muka ba.

Kwamandan sintirin unguwa: Ranka ya daɗe Barista, bari in faɗi yadda abin yake a wurinmu, mu da muke kwana a waje. Baburan sun yi amfani ƙwarai, domin a da idan aka kira mu daga ƙarshen unguwa, kafin mu isa da ƙafa ɓarawo ya haura ya tafi. Sai dai babur ba ya tafiya da godiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, karo-karon da gidaje ke yi mana duk wata ba ya kai mu ƙarshen wata, har akwai daren da muke jingine baburan a ƙofar ofis mu fita da ƙafa. Da aka sari ɗaya daga cikin yaranmu a hannu, a masallaci aka tara kuɗin ɗinki, kuma tun daga ranar iyalinsa ba su yarda ya sake fita ba. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mu kama yaro da wuƙa mu miƙa shi ga hukuma, bayan kwana biyu mu gan shi a bakin layi yana nuna mu da yatsa. Wannan ba abin da kyauta za ta gyara ba ne.

Hajiya, malamar firamare: Ina tare da Barista, amma ina son mu faɗa wa kanmu gaskiya tukuna. Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan ɗan majalisar nan da sassafe zai tarar da mu ne a layi, wannan da takardar magani, wancan da katin ɗaurin aure, kuma ban taɓa jin wanda ya je ya tambaye shi abin da ya faɗa ranar da ake kare kasafin ma'aikatar ilimi ba. Abin da muke nema shi yake kawowa. Ni damuwata makaranta ce. An kwashe ɗalibai a Afaka a watan Maris na 2021, aka sake kwashe yara a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun ranar 7 ga Maris, 2024, kuma tun daga lokacin duk ƙarar babur da ta yi yawa a bayan aji sai in ga idon yarana ya koma taga. Makarantar da nake koyarwa gefe ɗaya na katangarta ya zube tun daminar bara, da dare kuma ajujuwan sun zama mashayar ƙwaya, da safe mu ne masu share kwalabe kafin yara su shigo. Katanga da maigadi ba sa buƙatar izinin Abuja, layi ɗaya ne a kasafin jiha.

Alhaji: Hajiya, Allah ya saka da alheri, maganar katanga ta shige ni. Amma kai Barista, ɗana, kana karanta abin da ke takarda ne, ni kuwa ina faɗin abin da idona ya gani tun jamhuriya ta biyu. A nan Kaduna majalisa ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981, domin jam'iyyarsa daban, ta masu rinjaye daban. Idan kuwa gwamna da majalisa jam'iyya ɗaya suke, ɗan majalisar da ya cika tambaya yakan rasa tikiti, mazaɓarsa kuma ta rasa ko da kwalbati. Ƙudurin gaggawa da ake ta gabatarwa bayan kowane hari ba ya ɗaure ɓangaren zartarwa, shawara ce kawai. Ko binciken basussuka da kwangilolin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, ai sai a 2024 majalisa ta kafa kwamitinsa, bayan mai gwamnatin ya sauka. To me ya sa za mu tura namu ya yi faɗan da zai bar mu babu tsuntsu babu tarko?

Barista: Baba, ban musa ba, majalisun jihohi da yawa suna tafiya ne a inuwar gwamna. Amma ba faɗa nake nema ba. Neman a sa katangar makarantar Hajiya a kasafi, ko a nemi a shigar da 'yan sintirinmu cikin tsarin KADVS domin su sami horo da alawus da kulawa idan an ji musu rauni, ba tawaye ba ne, aikin kwamiti ne na yau da kullum. Akwai kuma abin da nake tsoro game da kyautar kanta. Ƙungiyar tsaron da abin hawanta ya fito daga aljihun ɗan siyasa ɗaya, ranar da zaɓe ya matso za a tuna mata da wanda ya saya, kuma mun ga yadda 'yan sa-kai marasa linzamin doka suka ƙara rura wutar rikici a karkarar Arewa maso Yamma.

Kwamandan sintirin unguwa: Barista, wannan ta yi mini zafi, domin mu ba 'yan bangar kowa ba ne, kuma a cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya. Amma ba zan ɓoye ba, baburan sun zo da hotonsa manne a jikin tanki. Ni da hannuna na ɓamɓare, saboda ba na son mu shiga layin da ba sa goyon bayansa a ɗauke mu mutanensa. Wasu yaran sun ji haushi, sun ce butulci ne.

Shugaban zaure: To, ga abin da zan yi idan ba mai ja. Zan rubuta masa takarda da sunan zaure, mu gayyace shi harabar makarantar firamare ranar wata Asabar, ya ga katangar da idonsa, ya kuma gaya mana kwamitocin da yake ciki da abin da ya nema wa mazaɓar nan a kasafin bana.

Alhaji: Na yarda a rubuta, da sharaɗin godiyar fitilu da babura ta zo a sakin layi na farko kafin kowace tambaya. Kuma Kwamanda, ka taho da yaron da aka sara, a zaunar da shi a gaba.