Abin da na tsinto a zamanmu da mata masu rubuta manhaja

Kusan kowacce ta koka da mitin ɗin bayan Magariba, wai a nan ake raba manyan ayyuka alhali ke kina gida kina fama da tuwo da yara, shawara dai ki roƙi oga ya dawo da shi lokacin aiki ko a rubuta abin da aka yanke a Slack, manhajar da ma'aikata ke tura wa juna saƙo. Wata ta ce duk gyaran da kika yi ki tura GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da sunanki, don ta sha ganin namiji ya kwashe yabon wahalarta, abin haushi wallahi. Hutun haihuwa kuma dokar ƙwadago ta Najeriya sati 12 ta tanada, ki tambaya kafin ki sa hannu a takardar ɗaukar aiki.