Ina ya kamata a ajiye fayilolin saiti na sabis a Linux?

Mai_Saba:
Assalamu alaikum. Saba ce (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai Debian, wani nau'in Linux, tana ɗauke da nginx (manhajar da ke isar da shafukan yanar gizo) da sshd (ta shiga saba daga nesa) da wata manhaja mai aiki a bayan fage ƙarƙashin systemd, mai tada sabis da kula da su. Duk gyaran da aka yi cikin /usr/lib/systemd/system sai ya ɓace da zarar an sabunta manhajar. Ina ne wurin da ya dace, kuma yaya ake tsara fayilolin don kada su cakuɗe?

Bakin_Allo:
Wa alaikumus salam. Waccan folda ta masu haɗa manhaja ce, shi ya sa apt, mai girka manhaja da sabunta ta a Debian, ke sake rubuta ta. Taka ita ce /etc/systemd/system, kuma ita systemd ke fifitawa, sai /run/systemd/system, sannan /usr/lib.

Amma kada ka kwafe fayil ɗin gaba ɗaya zuwa /etc, domin daga ranar ka daina samun gyare-gyaren masu manhajar. Buga `systemctl edit nginx`. Zai buɗe maka /etc/systemd/system/nginx.service.d/override.conf, ka rubuta `[Service]` da layin da kake son canzawa kawai. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ExecStart, layin umarnin da ke tada sabis ɗin: sai ka fara sa `ExecStart=` wayam, sannan sabon umarnin a layi na gaba. In ba haka ba systemd zai ga umarni biyu ya ƙi tada sabis ɗin, sai fa in nau'insa oneshot ne, wato mai yin aikinsa ya fita. In da hannu ka ƙirƙiri fayil, kada ka manta `systemctl daemon-reload`, don systemd ya sake karanta fayilolin. `systemctl cat nginx` zai nuna maka asalin fayil da duk ƙarin da aka ɗora masa.

Tushe22:
Ƙari kaɗan, Malam. Raba saitin gida-gida cikin foldar nginx.service.d, da lamba a gaban sunan kowane fayil: 10-iyaka.conf, 20-muhalli.conf. A systemd na ƙarshe ne ke rinjaye, amma a /etc/ssh/sshd_config.d akasin haka ne, ƙimar da sshd ya fara karantawa ita yake riƙewa. Saboda haka 01- ta fi 99- ƙarfi a can. Gwada da `sshd -t` kafin ka sake tada shi, kuma kada ka rufe tagar da ka shiga sabar da ita sai sabuwa ta shiga.

Sunan fayil ma yana da tasiri. conf.d na nginx mai ƙarewa da .conf kaɗai yake ɗauka, amma sites-enabled komai yake kwasa, har da default.bak da aka bari. /etc/sudoers.d kuwa, inda ake saita wa zai yi amfani da ikon shugaban tsarin, tsallake duk suna mai ɗigo yake yi, ba tare da ya ce uffan ba.

Bakin_Allo:
Haka ne. Kalmar sirri kuma kada ta shiga `Environment=`, don kowa zai gan ta da `systemctl show`. Sa ta a fayil na daban mallakar root (asusun shugaban tsarin), `chmod 600` don shi kaɗai ya iya karanta shi, ka nuna shi da `EnvironmentFile=`. Girka etckeeper ma, yana sa /etc cikin ma'ajin git mai adana tarihin canje-canje, sai dai har /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirrin masu asusu, yake ɗauka, don haka kada ka tura ma'ajin inda jama'a ke gani.