Neman kalma: "sensor" na kyamarar tsaro, gobe ƙarfe tara zan shiga rediyo

Baban Ilham, Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. A taimaka mini da gaggawa. Gobe da ƙarfe tara na safe muke da shirinmu na 'yan kasuwa, kuma a kan kyamarar tsaro za mu yi magana. Kalmomi biyu sun maƙale mini, "sensor" da "lens". Ba na son in kwashe minti ashirin ina ingausa, alhali masu saurarenmu akasari dattawan Katako ne da mutanen Farin Gada.

Daga gidanmu ma maganar ta taso. Watan jiya aka fasa shagon ƙanena a wajen Taminus cikin dare. Yana da kyamara, an rubuta mega 8 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, kuma da tsada ya saya. Da muka zauna kallo, titi ya fito kaf, har teburin mai shayin tsallake. Ɓarawon kuwa kamar an zana shi da gawayi an goge da tafin hannu. Muka jawo hoton kusa, fuskar ta watse ta koma 'yan akwatuna. Wanda ya zo dubawa daga baya ya ce matsalar daga waɗannan abubuwa biyu take. To da wane baki zan faɗa wa Alhajin da ke zaune a rumfarsa?

Injiniya Dilimi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Mu a bakin aiki sansa muke cewa, yaran shago ma haka, ba wanda ya taɓa ce mini bai gane ba. Ɗan falle ne a bayan gilashin kyamara, haske na sauka a kansa ya mai da shi hoto. Ka duba kwalin ƙanen naka, na tabbata za ka ga 1/2.8 a wani lungu da ƙananan baƙaƙe.

Baban Ilham, Rikkos:
Wallahi haka aka rubuta.

Ummu Hanan:
Majiyin haske? Tunda asalin kalmar daga ji take.

Sarkin Zolaya:
Hajiya, a rediyo fa za a faɗa. Yana cewa majiyi, mutane za su ji "majiya mai tushe" su gyara zama suna jiran labarin siyasa. Ni na ba da makamin haske, tunda kama haske yake yi.

Ummu Hanan:
Makami kuma, a garin Jos, a rediyo? Rufa wa bawan Allah asiri ya koma gida lafiya.

Malam Mai Ritaya:
Ku yi mini uzuri, na shigo a makare. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da Hausa, kuma abin da ke ba ni takaici ke nan: da an ga baƙon abu sai a lanƙwasa sunansa a ce an gama. Sansa ba kalma ba ce, kasala ce. Harshen nan yana da injin ƙera sunan kayan aiki tun fil azal: buɗe, mabuɗi; duba, madubi; goge, magogi. Abin nan ɗaukar haske yake yi, saboda haka MAƊAUKIN HASKE. A jam'i, maɗaukan haske. Na daɗe da rubuta ta a littafina na ajiye, yau ga ranarta.

Injiniya Dilimi:
Allah gafarta Malam, ginin kalmar ba shi da makusa. Sai dai duk wanda ya ji maɗauki, mai ɗaukar hoto zai faɗo masa a rai, ko ita kyamarar ɗungurungum. Mu kuwa so muke mu raba ta da ɗan abin da ke cikinta.

Malam Mai Ritaya:
To ku koya musu. Jirgi ma da kwalekwale kaɗai ake nufi, yau ga shi yana tashi sama.

Ɗan Maraɗi:
Ina goyon bayan Malam da rabi. A Faransanci sunan abin daga kamawa ya fito, ba daga ji ba. Kun ga ko Turawan ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Maman Sadiq, Nasarawa:
Ni ba injiniya ba ce, amma Injiniya ka ɗan yi mini bayanin abin da ya sa mega 8 ta kasa, wataƙila kalmar ta fito daga nan.

Injiniya Dilimi:
Madalla da tambaya. Fuskar sansa a rarrabe take gida-gida, kowane gida ɗigo ɗaya ne na hoto. Mega 2 na nufin gidaje 1920 a kwance, 1080 a tsaye, kimanin miliyan 2 ke nan. Mega 8, wadda ake tallatawa da 4K, 3840 ne da 2160. To ga inda gizo ke saƙar. Sansa mai lamba 1/2.8 daga kusurwa zuwa kusurwa ba ta kai milimita 7 ba, ba ta cika farcen ɗan ƙaramin yatsa ba. Idan aka raba ta gida miliyan 2, faɗin kowane gida maikuromita 2.9 ne (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). Idan aka cusa miliyan 8 a wannan filin dai, ya koma 1.45. Faɗi ya ragu da rabi, fili ya koma rubu'i, hasken da kowane gida ke samu ma rubu'i. Da rana ba ka gane komai, haske ya wadata. Da dare kuwa sai kyamara ta shiga kame-kame: ta ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi, hoto ya yi yashi-yashi, ko ta daɗe ido buɗe tana tara haske, duk abin da ya motsa ya zama inuwa. Gawayin da Baban Ilham ya gani ke nan. Bango ya fito tar saboda bango ba ya gudu.

Maman Sadiq, Nasarawa:
Ashe tanda ce! A gaban tanda na girma, mahaifiyata masa take soyawa. Tanda mai gurbi bakwai, masarta cika hannu. Ka je wurin maƙeri ka ce faɗin nan dai amma gurbi ashirin da takwas kake so, zai yi maka, sai dai masar ba za ta wuce loma ba. In kana son gurbi da yawa kuma masa manya, dole ka sayi babbar tanda. Baban Ilham, ka ce tandar haske. Ɗigon kuma gurbi.

Injiniya Dilimi:
Hajiya, shekara goma ina wannan aiki ban taɓa samun misalin da ya zauna haka ba. Har lissafin ya yi daidai, bakwai sau huɗu. Kuma akwai manyan tandunan a kasuwa: mega 4 a kan 1/1.8, ko mega 8 a kan 1/1.2, duk gurbinsu na komawa wajen 2.9 ɗin nan. A kula, lambar ƙasa in ta ƙaru, abin raguwa yake, kamar yadda sulusi bai kai rabi ba. Incin da ake maƙala wa lambar kuma ba incin tela ba ne, gado ne daga kwalaben kyamarar talabijin ta da. Abin da suke kira inci 1 bai wuce milimita 16 ba.

Malam Mai Ritaya:
Subhanallahi. Ilimin da aka ba wa mutum biyu kyautar Nobel a kansa a 2009, Willard Boyle da George Smith, bisa abin da suka ƙirƙiro tun 1969, shi za mu kai murhu mu sa masa sunan kaskon masa? Da wane ido sauran harsuna za su dube mu?

Ummu Hanan:
Malam, da girmanka. Kalmar "lens" da ake ta jin nauyinta, a Latin sunan wani ɗan wake ne mai faɗi, saboda siffarsu ɗaya. Larabawa ma adasa suke cewa, daga adas, wannan waken dai. Su sun shiga madafa sun ɗauko ba su ji kunya ba, sai mu?

Sarkin Zolaya:
Shi ke nan an gama. Wake a gaba, tanda a baya. Saura mai da yaji.

Bakano a Wuse:
Ni tambayata ɗaya ga masu sansa. Sansa ce ko sansa ne? Don na san ku mutanen Jos, mota ne, mata ne, komai ne. Ku bari a daidaita kalma a inda ake da Hausar, sannan a aiko muku.

Baban Ilham, Rikkos:
Yaya, da wasa kake ko da gaske?

Maman Sadiq, Nasarawa:
A'a, a bar ni da shi. Kakana a garin nan aka haife shi zamanin haƙar kuza, kuma har ya rasu bai taɓa ce wa mace "ya zo" ba. A kasuwar Jos Birom da Ngas da Ibo da Bayarabe da Hausa suke ciniki, mu muke ɗauke da harshen nan zuwa bakin da ba a haife shi da shi ba. Kai da kake zaune Abuja, yaushe rabon da ka gama jimla ba ka sa Turanci ba?

Bakano a Wuse:
Tuba nake, Hajiya. Amma daidaitacciyar Hausa dai an san karin da aka gina ta a kai.

Ɗan Maraɗi:
An gina ta a kan na Kano don sauƙin rubutu, ba don an naɗa ku sarautar harshe ba.

Malam Mai Ritaya:
Duk wannan ba ta taso ba da an karɓi maɗauki. Namiji ne, ba gardama.

Baban Ilham, Rikkos:
Jama'a, sha ɗaya ta wuce, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Don Allah a dawo kan "lens".

Injiniya Dilimi:
Ido muke cewa, wani lokaci gilashi. Abin da ya kamata masu sauraro su riƙe shi ne lambar milimita ta idon, daban take da 1/2.8 ɗin sansa. Mai 2.8 buɗaɗɗen ido ne, yana kwaso sama da digiri 100. Mai 4 ya ɗan tsuke, mai 6 kuma wajen rabin na farko yake gani, amma yana jawo abu kusa. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, IEC 62676-4, da a bugunta na 2014 ta ce don a san akwai mutum a wuri, ɗigo 25 a kowace mita ya isa. Don ka gane wanda ka riga ka sani, 125. Don a shaida baƙuwar fuska, 250. Kyamarar ƙanenka in tana kallon mita 15 da ido mai 2.8, faɗin abin da ta kwaso ya kusa mita 40. Raba 3840 da 40, ba ka kai 100 ba. Fuskar mutum gaba ɗaya ɗigo goma sha biyar ko sha shida a kwance, ko da rana tsaka. Da mega 2 ce mai ido 6, an kafa ta mita 5 daga ƙofa daidai tsayin kai, da ta ba shi sama da 300. Ba za ta ga mai shayi ba, amma ba mai shayi ne ya fasa shagon ba.

Sai lamba mai harafin F, ita ce faɗin ƙofar da haske ke bi. Nan ma ƙarama ta fi: F1.0 na shigar da ninki huɗu na hasken F2.0. Kuma ka tuna musu su riƙa goge gilashin lokacin hunturu. Ƙura da yanar gizo-gizo suna mayar da hasken 'yan fitilun da kyamarar ke kunnawa da dare cikin idonta, hoto ya yi fari fat.

Malam Mai Ritaya:
Ido gaɓa ce ta mai rai. Madubi ya fi, tunda asalinsa abin dubawa.

Ummu Hanan:
Madubi mayar da haske yake, wannan kuwa ratsa shi haske ke yi. Ni da mazurarin haske na ce, tunda tattarowa yake ya zuba a tanda.

Malam Mai Ritaya:
Mazurari aƙalla an gina shi bisa ƙa'ida. Ban ce na yarda da inda yake zubawa ba.

Baban Ilham, Rikkos:
To ga abin da zan yi, wanda bai ji daɗi ba ya yafe mini. Zan ce sansa, don ita mai shago zai gane idan Alhaji ya je saye. Karon farko zan ƙara da "wato tandar haske", in kawo misalin Maman Sadiq da sunan wata 'yar'uwa daga Nasarawa. Ɗaya kalmar zan tafi da ido. Malam, zan ambaci cewa wani malaminmu ya ba da maɗaukin haske, masu sauraro su auna. Sai da safe.

Baban Ilham, Rikkos:
An yi shiri lafiya, alhamdu lillahi. Mutum na biyu da ya bugo waya, wani dattijo daga Katako, cewa ya yi in tambayar masa Injiniya nawa ne kyamara mai babbar tanda. Ido kuwa ya ɗan kawo ruɗani, wata ta ɗauka 'yan fitilun da ke kewaye da gilashin nake nufi. Wannan kam ba mu gama da ita ba.

Malam Mai Ritaya:
Na saurara. Tandar ta shiga kunne, ban musa ba, amma misali ce, ba suna ba, kuma ba zan rubuta ta a littafina ba tukuna. Maɗauki sau ɗaya ka faɗa, shi ma cikin sauri kamar ana korarka. Sannan sau uku ka ce "sansa ne".

Bakano a Wuse:
Ni dai ban ce komai ba.