Shawarwari ga mai zuwa zamiyar ƙanƙara a farkon sanyi

A majalisarmu ta Unguwar Rimi an tattauna batun wani ƙaninmu mai karatu a Turkiyya da ke son zuwa wasan zamiya a dutsen Uludag, kusa da Bursa, a farkon Disamba. Waɗanda suka taɓa zuwa sun fi jaddada abu ɗaya: muddin sanyi bai kankama ba, dusar ƙanƙara ba ta kauri, duwatsu kan leƙo, injinan fesa dusa kuma ba sa aiki sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Don haka ya kamata ya tambayi hanyoyin zamiya nawa aka buɗe kafin ya sayi tikiti.

An kuma ba shi shawara ya fita da hantsi. Da sassafe santsi ya yi yawa, bayan azahar kuwa dusar ta jiƙe ta zama kamar kunu, tana riƙe ƙafa, a nan gwiwa ke gurɗewa.

Kan tufafi aka sha gardama. Wani dattijo ya dage sai jibgegiyar riga, amma rinjaye ya tafi kan marasa nauyi biyu ko uku, a rage in gumi ya keto. Ni ma nan na tsaya. Baƙin tabarau da hular kwano dole ne, kayan zamiyar kuma ya ɗauka haya.