Rahoton matsala: a tara wuri ɗaya ko kowane sashe ya riƙe nasa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Muna da wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta ya kuma sa hannu, da muka raba gida shida, wato jigonta da sassa biyar da ake jonawa da shi, kuma kowane yana da ma'ajiyarsa a GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin manhaja, ake kuma karɓar rahoton matsalolinta. Damuwarmu ita ce mai amfani da manhajar ba ya sanin sashen da tangarɗa ta fito, sai ya shigar da rahoto inda ya fara cin karo, har ta kai matsala ɗaya tana da rahoto a wurare uku, kowannenmu yana zaton ɗan uwansa ya ɗauka. Shin mu tattara rahotannin wuri guda, ko mu bar su yadda suke?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina ganin ku buɗe ƙofa ɗaya, domin ba aikin mai kawo ƙorafi ba ne sanin yadda kuka tsara cikin gidanku. KDE, wata ƙungiyar masu haɗa buɗaɗɗun manhajoji, na ajiye ayyukanta a ma'ajiyoyi masu yawa a GitLab, wani dandali irin GitHub, amma rahoton matsala yana zuwa Bugzilla ɗinsu guda ɗaya, wato manhajar bin diddigin matsaloli, inda ake karkasa shi zuwa manhajar da abin ya shafa da sashenta. Ita Bugzilla, wadda Mozilla, masu manhajar Firefox, ta fitar a 1998, da wannan tsari aka gina ta tun asali. A GitHub kuwa lakabi, wato alamar da ake liƙa wa rahoto, zai yi muku wannan aiki, muddin kuka ba kowane sashe nasa.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi magana mai kyau, sai dai akwai wata hanyar. GNOME, wata ƙungiya irin KDE, ta bar Bugzilla ta koma GitLab a 2018, inda kowane sashe yake riƙe da rahotanninsa kusa da aikinsa, kuma mai kula da sashe ɗaya ba ya nitsewa cikin ƙorafin da ba nasa ba. GitHub yana ba da damar mayar da rahoto daga wata ma'ajiya zuwa wata idan mai su ɗaya ne, amma a kula, lakabin da babu irinsa a inda aka mayar ba ya bin rahoton, don haka ku daidaita sunayen lakabi a duk ma'ajiyoyin shida tukuna.

Amsa ta uku:
A fahimtata, abin da kuka rasa shi ne mai tantancewa. A Kubernetes, wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, sabon rahoto yana samun lakabin needs-triage, wato yana jiran tantancewa, har sai an duba shi, ana kuma liƙa masa lakabin rukunin da ke da alhaki, kamar sig/network na masu kula da hanyoyin sadarwa. Ku riƙa karɓa-karɓa, kowane mako mutum ɗaya ya karanta sababbin rahotanni, ya rufe waɗanda aka maimaita, ya miƙa sauran ga masu su.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Za mu karɓi rahotanni a ma'ajiyar jigon, mai tantancewa ya riƙa mayar da su sassansu. Saura mu shawo kan wanda zai ɗauki makon farko.