Tsohuwar Hilux ta gaza a hawan falez: in sa turbo ko a buɗe mata famfo?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai injin 3L, 2.8, gazuwal (dizal) take sha, ba ta da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. Albasa nake kai wa daga Garwa zuwa Ngaundere a arewacin Kamaru. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma da na wuce Mbe na fara hawan falez, wato babban hawan dutsen da ke kafin Ngaundere, sai ta koma lamba ɗaya, allurar zafi tana ta tashi. Wani makanike ya ce zai ƙara mata mai a famfon da ke tura gazuwal cikin inji kan jaka 15 na sefa, wani ya ce sai turbo, jaka 350 har da aiki. Ba ni da halin canza mota. Wanda ya taɓa yi wa irin wannan injin don Allah ya faɗa mini.

Ɗan Duwala: Kawo ta Duwala a jona mata kwamfuta a sake mata lissafi. Na yi wa tawa, yanzu tashi take.

Malam na Marwa: Ɗan Duwala, ka karanta kuwa? 3L ya ce. Famfonta na ƙarfe ne, ba kwamfutar da za a jona.

Direban Kuseri: Baban Hafsa, ka ji tsoron Allah ka bar turbon nan. Land Cruiser ɗina mai 1HZ, silinda shida, shekara da shekaru ina bin Mora zuwa Kuseri da ita, ko kan injin ba a taɓa buɗewa ba. Wani makanike ya dame ni, wai yana da turbo na hannu da ya zo daga waje. Ya ɗaura, ya murɗa famfo. Da farko kam na ji daɗi, har tirela nake wucewa a guje. Ana cikin zafin watan Afrilu, cike da kaya da fasinja, kusa da Waza na ji ƙara daga ƙasa, farin hayaƙi ya turnuƙe. Fistan ya tsage, kan injin ma ya tsage. Kun san wurin nan ba wurin kwana ba ne, ga mata da yara a motar. Kuɗin janyo ta kaɗai ya kusa kuɗin turbon. Da na koma wurinsa sai ya ce wai ni ne na cika taka wuta. Gonar gadonmu na sayar na sayi wani injin, har yau ƙannena ba su daina yi mini gori ba.

Hajiya Mai Shinkafa: Subhanallahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Nawa ka sayi injin?

Direban Kuseri: Amin Hajiya. Miliyan biyu da rabi, a Njamena.

Ɗan Duwala: Kai, an cuce ka. A nan miliyan ɗaya da ɗari takwas za ka samu. Shi ma turbon, jaka 350 ta yi yawa, 180 ake sa shi.

Malam na Marwa: Na 180 ɗin shi ne mai zubar da baƙin mai. Ni an ce mini 500 in ana so da intakula, mai sanyaya iskar turbo.

Tsohon Makanike: Yara, ku saurara. 3L da 1HZ duk ba a ƙera su don turbo ba, matsin cikin silindarsu ya riga ya yi yawa. Da Toyota ta so turbo a silinda shida, wani injin daban ta yi, 1HD-T, da nasa fistan. Shi kuma murɗa famfo, mai kawai ka ƙara, iska tana nan yadda take. Baƙin hayaƙin da za ka ga tana fitarwa gazuwal ne da bai ƙone ba, zafinsa kuma a kan fistan yake sauka. Ka tuna Garwa ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Ngaundere ta haura 1,000, kana hawa iska tana raguwa, dole ƙarfin injin da ba turbo ya ragu. Baban Hafsa, yaushe rabonka da a gwada injektocinka, masu fesa mai cikin silinda? A canza filtar iska, ƙurar hunturu ta toshe ta. A daidaita bawul, a duba taimin ɗin famfo, a wanke lagireto. Rabin ƙarfin da kake nema yana nan.

Injiniya Ƙarami: Baba, da girmamawa, ana sa wa 1HZ turbo a Ostireliya ya yi shekaru. Sirrin shi ne kada matsin iskar ya wuce rabin bar a agogon matsi, a sa agogon da ke auna zafin hayaƙi, in ya hau ka ɗaga ƙafa. Na Direban Kuseri ba a sa masa agogon ba, shi ya sa.

Tsohon Makanike: Ɗana, inji nawa ka buɗe da hannunka? A Ostireliya buhun albasa nawa suke ɗora wa Hilux?

Injiniya Ƙarami: Ilimi ai ba a baƙin hannu kaɗai yake ba, Baba.

Sarkin Zolaya: Baban Hafsa, sauke buhu goma a Mbe ka ɗauki hayar jakuna, ku haɗu a sama. Turbo mai cin dusa kenan 😂

Malam na Marwa: Ku bar wasa. Ni damuwata man da muke sha ne. Tun da aka kai litar gazuwal sefa 828 a 2024, kananzir kuma yana 350, masu jarka a bakin hanya suka samu sana'ar gaurayawa. Kananzir ba shi da santsi, cikin famfo yake cinyewa. Famfona ya mutu a kan haka, mai gyara ya karɓi jaka 120.

Direban Kuseri: Har a gidan mai ma an taɓa zuba mini mai ruwa a ciki. Wa za ka kai wa ƙara?

Baban Hafsa: Na gode muku duka. To a Garwa ina ake gwada injekta, kuma nawa ne?

Hajiya Mai Shinkafa: Malam, direbana ma jiya ya dawo mini da rasit na lita 60, tankin ko rabi bai kai ba. Shi ne ɓarawon ko gidan man? Ku da kuke kan hanya ku faɗa mini yadda ake gane su.