Dashen ƙoda ga mai ɗauke da cutar Sida: me kuka gani da idonku?

Wata uwa, Garwa: Assalamu alaikum. Maigidana shekara 9 ke nan yana shan maganin Sida, bai taɓa fashi ba. Bara ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, aka ce ƙoda ce. Yanzu sau biyu a mako muke zuwa wankin ƙoda, awa huɗu yana kwance jikin inji, ruwan da zai sha ma sai an auna da kofi. Na tambayi wani ma'aikaci batun dashe, ya ce masu irin ciwonsa ba a yi musu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini.

Wani direba, Ngaundere: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan tsohon zance ne. Ni nan ina da cutar, kuma ƙodar ƙanena ce a jikina, a ƙasar waje aka yi mini. Abin da suka fara dubawa shi ne CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a jini, ya haura 200, kuma ƙwayar cutar ta ɓace a gwajin jini na aƙalla wata shida. Suka yi ta binciken tarin fuka da ciwon hanta. Aikin bai ba ni wuya ba kamar abin da ya biyo baya: shan maganin tacrolimus safe da dare, a kan lokaci, har ƙarshen rai, don kada jiki ya ƙi ƙodar. Maganin Sida kyauta muke karɓa, wannan kuwa aljihunka ne. Mota ɗaya na sayar. Ku yi lissafinsa tun kafin ku sa ƙafa.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Tun 2008 Dokta Elmi Muller ta fara dasa ƙodar masu cutar ga masu cutar a Cape Town ta Afirka ta Kudu, Amurka ma ta halatta haka a 2013. A nan Kamaru an yi dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde a 2021, sai ki nemi likitan ƙoda ya faɗa miki matsayin maigida da bakinsa. Ki kai masa kwalaben maganin duka. A cikin magungunan Sida, tenofovir kan taɓa ƙoda, ritonavir kuma yana sa tacrolimus ya taru a jini, shi ya sa aka fi son dolutegravir. Kada ya canza komai da kansa.

Wata ƙanwa, Kuseri: Mu namu ya tsaya ne a wani wuri daban. Yayata ta ɓoye ciwonta shekara da shekaru, ko Inna ba ta sani ba. Da na ce zan ba ta ƙodata, sai ta kama hannuna a ɗakin girki, ta ce, "Ba zan karɓa ba sai kin san abin da ke jikina." Muka yi kuka tare, tuwo na ƙonewa. Na ce mata ko da haka na ba ki. Sai gwaji ya nuna jininmu bai dace ba. Har yau tana wanki, muna lallaɓa Baffa ya bari a gwada ɗansa.

Wata uwa, Garwa: Allah ya saka muku da alheri. Ranar Talata zan kwashi kwalaben in je. Malam direba, su wa ka fara gaya wa a gida, ƙanen naka ko iyaye?